Katin Hoto Don Motar Baba

Baba, Allah ya jiƙansa, direban gingimari ne. Tun kafin a haife ni yake ɗaukar dankalin turawa da kabeji daga Jos zuwa Kano, wani lokacin har Maiduguri, ya dawo da hatsi ko albasa. Motar ba ta iya shiga lungunmu na Gangare, sai ya ajiye ta can bakin titi ya ƙaraso da ƙafa, rigarsa tana warin baƙin mai, hannunsa riƙe da ledar tsaraba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko da kuwa faɗa zai yi mini.

'Yan shekaru bayan shigowar dubu biyu ciwon suga ya ci ƙarfinsa. Ƙaramin miki ne ya fito masa a ƙafar hagu, ya raina shi, ya ci gaba da tafiye-tafiyensa, har ta kai likitoci suka ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Da aka sallamo shi daga asibiti, abin da ya fara faɗa wa Umma shi ne, da ma ta dama aka ɗauka ko ta hagu duk ɗaya ne, ba a tuƙa gingimari da ƙafa guda. Daga wannan maganar bai sake ambaton mota ba.

Sai ya zama mutumin ɗaki. An kawo masa sanduna biyu na dogarawa, ya sa aka jingine su bayan ƙofa, ba ya taɓa su sai zai zaga. Ya daina zuwa masallacin unguwa, wanda tsakaninsa da ƙofar gidanmu bai wuce jifa ba. In abokansa na tasha suka yi sallama, sai ya ce Umma ta ce musu barci yake. Umma ba ta son ƙarya, sai ta fita ta ce musu, “Ya ce barci yake.” Su yi dariya su tafi, amma a hankali suka rage zuwa.

Ni a lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a Kwararafa. Yawancin aikinmu na ɗalibai ne, da masu neman aiki, da katin biki. Mai shagon, wanda duk muke ce wa Oga, ɗan wani ƙauye ne na kan duwatsu, Kirista, dogo siriri mai yawan dariya. Hausarsa irin ta cikin gari ce wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa da komai “shi” ne. Abin da ya bambanta shagonsa da sauran na layin shi ne duk kwamfutocinsa manhajar Linux ya sa musu. Da farko saboda bairos ne, don kullum ɗalibai suna zuwa da filash ɗauke da cuta, maƙwabtanmu suna kuka, mu kuwa ko a jikinmu. Amma daga baya abin ya zame masa aƙida. In ka ba shi dama sai ya yini yana yi maka bayanin yadda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta manhajar, suka bar ta a buɗe, kowa yana iya dubawa ya gyara, ba wanda zai ce maka ɓarawo don ka kwafa wa maƙwabcinka. Mu ma'aikata mun sha jin wannan wa'azin har mun haddace.

Da ya sayo sababbin kwamfutoci, sai ya ba ni ɗaya daga cikin tsofaffin, ya ce in riƙa ƙarasa aiki a gida. Ɗakin Baba ne kaɗai ke da soket mai kyau da tebur, sai na nemi izininsa na ajiye ta a kusurwa. Ya ce in ajiye, ba abin da ta tsare masa. In an kawo wuta da la'asar sai in zauna ina bugawa, shi yana kwance ya juya wa duniya baya, rediyonsa yana magana ƙasa-ƙasa.

Wata Asabar na gaji da buga rubutun wani ɗalibi, sai na shiga dube-dube a cikin kwamfutar, na tarar da wani wasan tseren mota da Oga ya taɓa sawa. Na buɗe don in huta. Ban iya ba ko kaɗan. Na danne maɓallin totur, motar tana ta kururuwa a cikin 'yar lasifikar, ni ban san ana sauya giya ba. Can sai na ji murya daga kan gado.

“Uwata, za ki kashe injin nan. Ba ta giya mana.”

Na waiwaya, na ga ya tashi zaune. Na ce masa ban san inda giyar take ba. Ya ce to nemo, don kunnensa ba zai iya jure wannan zaluncin ba. Na nemo maɓallin, na sa ta biyu, na sa ta uku, ƙarar ta kwanta. Ya ce yauwa. Sai ya jawo kujera da hannu, ya dafa gado ya koma kanta, ya matso kusa da ni yana kallon allon.

Matsalar ita ce hoton ba ya tafiya daidai. Motar takan tsaya cak, sai kuma ka gan ta can gaba, kamar ana nuna maka hotuna ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka ga kwana har ka wuce ta ka daki shinge. Na matsa masa na nuna masa maɓallan, ya sa manyan yatsunsa ya gwada. Bai yi nisa ba ya faɗa cikin ciyawa. Ya sake, ya sake faɗawa. Ya ture kibod ɗin ya ce wannan ba mota ba ce, jaki ne mai taurin kai, ya koma gadonsa. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Ranar Litinin da na dawo daga aiki, Umma ta ja ni kicin ta rage murya. Ta ce tun da hantsi da aka kawo wuta Malam ya kira ta yana tambaya ko ta lura da inda nake dannawa in kunna abin nan. Ta ce ita ina ta sani. Su biyu suka yi ta latse-latse har ta kama, amma suka rasa inda motar take ɓoye. Tana ba ni labari tana dariya, idonta kuma ya kawo ruwa. Ta ce rabon da ya nemi wani abu da kansa tun kafin asibiti.

Washegari na tambayi Oga me ke sa hoton tsalle-tsalle. Ya ce kwamfutar ba ta da katin hoto nata na musamman, ɗan ƙaramin da aka haɗa a jikin allonta na ciki ne ke ta wahala, shi kuwa na rubutu ne, ba na gudu ba. In ana son wasa ya tafi sumul, sai an sayo kati an soka mata. Ya buɗe akwatin wata irin tawa ya nuna mini wani gurbi mai ruwan ƙasa, ya ce nan zai shiga, kuma in kula, don sababbin katunan da suka fara shigowa gurbinsu daban ne, ba za su zauna a nan ba.

Sai kuma ya gyara zama, na san wa'azi ya zo. Ya ce manyan masu yin katin nan biyu ne, ɗaya kwalinsu kore, ɗaya ja. Kowane kati yana buƙatar wata 'yar manhaja da ke fassara tsakaninsa da kwamfuta, ana ce mata direba. Masu koren kwali sun yi wa Linux direba mai ƙarfi, wasa yana gudu da shi ƙwarai, amma a rufe yake, ba mai ganin cikinsa sai su. Masu jan kwali kuwa, tsofaffin katunansu suna da direban da 'yan sa kai suka rubuta, a buɗe, yana zuwa tare da manhajar, ba sai ka nemo komai ba, sai dai bai kai wancan gudu ba. Shi dai a wajensa ja ne zaɓi, ko ba a tambaye shi ba.

Ban tsaya a maganarsa ba. In aiki ya yi sauƙi sai in tsallaka kafe ɗin intanet da ke kallon shagonmu in shiga zaurukan intanet inda masu Linux ke musu. Na tarar musun Oga ne ake yi a can, da Turanci, da zafi, wasu har da zagi. Na karanta har kaina ya yi nauyi. Abin da na fahimta shi ne, masu yawan wasa kusan duk kore suke saye, suna ba da haƙuri. Ni ba aƙida nake nema ba, so nake motar Baba ta daina tsalle. Zuciyata ta tsaya a kan kore, amma ban faɗa wa Oga ba.

Da na yi wa Baba bayani a gida, maganar direba ce ta fi ba shi dariya. Ya ce ashe har a cikin akwatin nan sai da direba ake tafiya. Na ce ranar Asabar zan je wani shagon kayan kwamfuta da ke wajen kasuwar Taminus in duba, Oga zai raka ni. Ya shafa gemu. Sai ya ce shi tun da ya fara tuƙi bai taɓa yarda wani ya sayo wa motarsa kayan gyara bai gani da idonsa ba, ko da kusa ce. Na ce to in kawo masa ya gani, in bai yi ba a mayar. Ya ce a'a, ba haka ake yi ba.

“Ki samo mana tasi ta tsaya bakin titi. Da ni za a je.”

Na dubi Umma, ita kuma ta dubi ƙasa, ta tashi ta fita kamar ta tuna da tukunya a wuta.

Ranar Asabar ya yi wanka, ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, Umma ta naɗe masa ƙafar wandon hagu ta maƙale da fil. Daga ƙofar gidanmu zuwa titi lungu ne mai duwatsu da kwata a tsakiya, ga mutane. Abin da yake gudu ke nan duk watannin nan. Ya fito yana dogara sandunan, ni ina gefensa ɗauke da akwatin kwamfutar a ka, don Oga ya ce a zo da ita a gwada a can. Tela na kusa da mu ne ya fara ganinsa, ya taso da almakashi a hannu yana yi masa barka da fitowa. Mai shayi ya taso, ladan ya leƙo daga masallaci. Baba yana amsawa a gajarce, gumi yana tsattsafo masa duk da sanyin safiyar. Wani ya tambaye shi ko asibiti za a koma. Baba ya ce a'a, kayan mota za shi saye. Mutumin ya tsaya da baki buɗe, mu kuma muka wuce.

Shagon yana saman wani bene, abin da ban yi tunaninsa ba sai da muka isa. Na ce Baba ya zauna a ƙasa a sauko masa da kayan. Oga, wanda ya riga mu zuwa, sai ya karɓi sanda ɗaya ya ba ni, ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin hannun Baba, suka hau a hankali suna hutawa. A kan matakalar nan suka saba. Kafin mu kai sama har Baba ya gano ƙauyen su Oga, ya ce ya sha loda dankali a kasuwarsu, ya kwatanta masa wata gangara mai hatsari da ke kafin gadar garin. Oga ya ce a gindin gangarar nan gonar kakarsa take.

Mai shagon mutumin kudu ne, kayansa daga Legas suke zuwa. Ya fito mana da kati uku. Na farko sabo fil a kwalinsa, da hoton wani dodo a jiki, amma da Oga ya duba haƙoransa sai ya ce na sabon gurbi ne, aka mayar. Saura biyu, duk na hannu, a cikin leda mai ƙyalli. Ɗaya na masu kore, da 'yar fanka a bayansa. Ɗaya na masu ja, ba fanka, sai wani ƙarfe mai tsaga-tsaga da ke shan zafi.

Baba ya karɓe su ɗaya bayan ɗaya. Ya juya, ya ɗaga wajen haske, ya shinshina ko akwai warin ƙuna, ya kaɗa fankar da ɗan yatsa ya kai kunne. Bai san komai a kansu ba, shi ma ya faɗa, amma hannunsa ya saba da karɓar ƙarfe ta wannan hanyar. Sai ya ce kowa ya faɗi nasa. Na ce kore ya fi gudu, haka masu wasa suka ce. Oga ya ce gaskiya ne, ba zai ɓoye ba.

“Amma Baba, wannan kore kamar mota ne da kamfani ya kulle bonet, ya tafi da makulli. In ya lalace a hanya, kai ba ka iya buɗe shi. Wannan ja, kowane bakanike yana iya sa hannu.”

Na san an gama da ni. Baba mutum ne da ya ƙi sababbin motoci shekara da shekaru saboda ya ce ba a gyara su a daji. Ya ɗaga jan ya ce ga shi kuma ba fanka, abin da ba ya juyawa ba ya lalacewa. Na yi ƙoƙarin cewa ai ni da shi ba wanda zai iya buɗe bonet ɗin ko an bar mana shi a buɗe, amma su biyun sun riga sun haɗa kai, har suna tafawa. Aka soka katin a shagon, kwamfutar ta tashi lafiya ba tare da an ƙara mata komai ba, Oga yana ta murmushi kamar shi ya ƙera shi. Baba ya yi ciniki irin na 'yan tasha har mai shagon ya riƙe kai, sannan ya sa shi ya yi alkawarin in bai yi mana ba za a sauya.

A gida kuwa abin ya yi kyau sosai in aka kwatanta da da. Motar ta daina tsalle, kwana tana zuwa ka gan ta tun daga nesa. Baba ya zauna ya koyi maɓallan da gaske. Amma akwai 'yan matsaloli. In motoci suka taru wuri ɗaya sai hoton ya riƙa jan ƙafa. A wata hanya mai bi ta cikin duwatsu, wadda ita ya fi so don ta yi masa kama da hanyar gangarawa kudu, inuwar bishiyoyi takan fito baƙi ƙirin kamar an zubar da kwalta, ta rufe gefen titi. Na rage wasu abubuwa a saitin wasan, na kashe inuwar gaba ɗaya, sai duniyar ta zama fayau ba kyan gani. Baba bai yi ƙorafi ba. In na tambaye shi sai ya ce lafiya lau, ai shi ya zaɓa.

An yi kwanaki a haka. Wata rana da safe ina ɗaura ɗankwali zan fita, ya kira ni, ya tambaye ni aiki, ya tambaye ni ko Oga yana lafiya, ya yi ta kewaye-kewaye. Har na kai ƙofa sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Uwata, wannan mai fankar, ko yana nan har yanzu?”

Na ce zan duba. Ya ce kada in faɗa wa yaron nan, wato Oga, kada ya ji ba daɗi. Na danne dariyata har sai da na fita lungu.

Mai shagon ya cika alkawari, ya karɓi ja ya ba ni kore. Na soka shi da kaina, na sauko da direban a kafe na kawo a filash, na bi matakan da na karanta. Da na sake kunna kwamfutar sai allo ya yi baƙi, ba komai sai wani ɗan farin layi yana ƙiftawa a kusurwa. Na gwada duk abin da na sani. Na cire na mayar, na sake bin matakan, na koma kafe na karanta wasu, na dawo, shiru. Yanzu ba wasa, ba aikin bugawa, ga rubutun mutane a ciki. Baba yana zaune yana kallona, sai can ya ce ko dai alhakin yaron nan ne ya kama mu.

Dole na faɗa wa Oga. Ya ajiye abin da yake yi ya dube ni, ya ce ashe haka za mu yi masa, shi da Baba da suka tafa. Ya yini yana ɓata rai, yana magana da firinta maimakon ni. Da za mu tashi sai ya ce in gaya wa Mama ta ajiye masa abinci ranar Lahadi, zai biyo in an taso daga coci.

Ya zo da kwat ɗinsa da Littafinsa a hammata. Baba ya tarbe shi da kame-kame, yana cewa ai laifin idonsa ne, ba ya ganin gefen titi. Oga ya ce ba komai Baba, ya cire kwat ya zauna gaban baƙin allon. Ya yi ta buga wasu umarni da ban taɓa gani ba, yana yi yana mita, yana cewa da a buɗe abin yake da tuni ya ga inda ciwon yake, yanzu sai lalube. Ashe wasu fayiloli ne na gindin manhajar ba su cikin kwamfutar, direban kuma ba ya haɗuwa sai da su, ga wani layi da za a sauya a wani wuri. Ya zo da su a faifai, don tun da na ba shi labari ya zargi haka. Ana cikin yi aka ɗauke wuta. Umma ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, suka ci tare da Baba a kwano ɗaya, suna hirar hanyoyi da kasuwannin dankali. Oga ya ce wa Umma, “Mama, kai ya iya miya,” ta ce Allah ya yi masa albarka. Ba a dawo da wutar ba sai bayan la'asar.

Da ya sake kunnawa, tambarin masu kore ya bayyana ya ɓace, allo ya dawo. Oga ya kawar da kai kamar ya ga abin ƙyama, sannan ya buɗe wasan ya mayar da inuwa da duk abin da na kashe, ya zaɓi hanyar duwatsun, ya tura wa Baba kibod. Ni kaina ban san haka wasan yake ba. Rana tana haskawa a jikin mota, bishiyoyi suna wucewa sumul, har ƙura tana tashi a bayan tayoyi. Oga ya tsaya a bayan kujera ya harɗe hannu. Can ya ce, a hankali, gaskiya yana gudu. Sai ya ƙara da cewa amma wata rana na buɗen zai kamo shi, mu zuba ido. Baba ya ce in ya kamo shi a zo a gaya masa, shi zai fara saye.

A ranar ne na lura da yadda Baba ke wasan. Wasan tsere ne, amma shi ba ya tsere. Kafin a tashi sai ya yi bisimilla ya karanta addu'ar hawa abin hawa. In aka ba da alama sauran motocin suka fizga, sai ya bar su su tafi, ya tashi a giya ta ɗaya, ya bi hannunsa. Ba ya wuce mota a kwana. In zai gangara sai ya rage giya tun daga sama. In wata ta zo ta bayansa da gudu, ya matsa mata gefe yana cewa wuce, ɗan gaggawa, za mu tarar da kai a gaba. Sau da yawa kuwa yakan tarar da su sun yi karo, ya ratsa su yana girgiza kai. Kullum shi ne na ƙarshe, motarsa kuma ko ƙwarzane babu. Oga ya yi ƙoƙarin nuna masa cewa ana son a zo na ɗaya ne. Baba ya ce shi kaya ya ɗauko.

Labari ya kai tasha. Abokansa suka dawo da zuwa, yanzu ba a ce musu barci yake. Dattawa masu furfura su cika ɗakin, ana karɓa-karɓa, ana gardamar wanda ya fi iya shan kwana, ana tuno hatsarin da aka tsallake shekaru da yawa. Da ɗakin ya yi musu kaɗan aka mayar da kwamfutar zaure, ni kuma aikin bugawata ya koma sai an tashi. Su ne suka riƙa jansa masallaci in an kira salla, tun yana cewa su je zai yi a gida har ya fara bin su. Daga baya suka samo masa zama a ofishin tasha, yana tsara lodi da sasanta direbobi, aikin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Da ya fara fita kullum sai wasan ya ragu, ya koma na ranar da ba aiki.

Wata Lahadi da yamma na dawo daga gidan ƙawata a Dutse Uku, na tarar zauren ba baƙi, ƙofar waje a rufe. Baba yana gaban kwamfuta, ya sa an ajiye wata kujera a gefensa, Umma tana kai, da mayafinta da jakarta a cinya kamar mai shirin tafiya. Ashe shi ya kira ta. Wai ya tuna duk shekarun da ya yi yana tuƙi bai taɓa ɗaukarta a motarsa ba, ko zuwa Bukur, don gingimari ba ta mata ba ce. Ita kuma ta ce in dai tafiya ce, ba za ta shiga haka ba, sai ta shirya.

Ba su ji shigowata ba. Yana tafe da ita a hanyar duwatsun yana nuna mata wurare, yana cewa nan kamar wajen kaza ne, in an wuce nan akwai masu sayar da ayaba. Ita ta riƙe gefen tebur da hannu ɗaya. Da suka tunkari gangara sai ta ce, “Malam, a hankali dai.”

“A giya ta biyu nake, Hajiya,” in ji shi. “Ki saki jikinki.”

Na cire takalmina na lallaɓa ta bayansu na shige cikin gida, na ɗora ruwan tuwo.